Ƙullin Bakin Hijabi

Har yanzu ba na iya zama a tsakiyar mota. In zan je Kudan ko Makarfi, sai in tsaya a bakin titi har a samu wurin da ke jikin ƙofa, ko da kwandasta zai yi ta mita. Wata huɗu ke nan, amma da kafaɗu biyu sun matse ni sai in ji numfashina yana guduwa.

Ƙanwata ce ta jawo tafiyar. Shekararta goma sha biyar, ita ce auta a ɗakinmu, kuma a lokacin ba ta da zance sai na wani mawaƙi da ake yayi, irin waɗanda inji ke gyara wa murya har ta koma kamar ta akuya mai mura. Ta ji a rediyo cewa wani kamfanin lemo zai kawo shi babban filin ƙwallo. Baba ya ce babu inda za ta. Inna ta yi ta lallashinsa har ya yarda, da sharaɗin ni zan kai ta, kuma magariba ta same mu a garinmu Likoro.

Da za mu fita Inna ta bi mu har zaure. Ta ce da mun shiga cikin mutane in kama bakin hijabina da na auta in ƙulla, yadda take yi mana muna yara in ta kai mu kasuwar Makarfi lokacin rake. Ta ce in yi ƙulli uku, kada in yi na wasa. Duk matan unguwarmu haka suke yi wa 'ya'yansu, kuma ban taɓa jin wadda ta ɓata ba.

Filin yana da katanga doguwa da ƙofar ƙarfe mai faɗin da babbar mota za ta shige. Masu shirin suka garƙame ta, suka bar 'yar ƙaramar da ke gefe, wai don su ga kowa da idonsu. Mutane daga Ikara, daga Furana, daga ƙauyukan da ban ma san sunansu ba, duk ta wannan kafa muka kutsa kamar tumaki. A ciki an ja igiya guda ɗaya, irin ta shanya, wai ita ce ta raba maza da mata. Can gefe kuma ga rumfa da kujeru da fanka, an jera manya da iyalansu suna shan lemo mai sanyi. Mu kuwa rana ta yi ta dukanmu tun daga azahar. A nan na ƙulla hijabanmu, ƙulli uku.

Sai bayan la'asar gwanin ya ga damar fitowa. Ɗan guntun mutum ne, ya saka rigar sanyi mai kauri a cikin wannan zafin, da baƙin tabarau da sarƙa kamar ta ɗaure kare. Ya yi ta tsalle yana tambaya ko muna nan, kamar akwai inda za mu je bayan sun kulle ƙofa. Ana cikin waƙa ta biyu ya sauke abin magana daga bakinsa, ya kafa kai yana shan ruwa, muryarsa kuwa ta ci gaba da rera waƙa a lasifika ba ta ko sarara ba. Na taɓa auta na ce ta dubi jarumin nata, yana sha yana waƙa a lokaci guda. Ta ce in ƙyale ta, hassada ce kawai.

Daga nan aka miƙo masa buhu cike da riguna da huluna na kamfanin. Mai ɗaukar hoto yana ɓangaren mata, saboda haka can mawaƙin ya fara jefowa. Riga ce da ba za ta yi wanki biyu ba, amma a kanta maza suka tsinka igiya suka afko mana.

Wani ƙato ya ratsa tsakanina da auta, ƙullin ya tare shi a ciki, bai tsaya ba. Na bayansa suka biyo. Aka ja ni hagu, aka ja ta dama, ta faɗi. Hijabinta ya murɗe ya zame daga haɓarta ya koma wuya, kuma duk takun da aka tura ni baya, ni ce nake ƙara shaƙe ta. Ina hango fuskarta ta tsakanin ƙafafun mutane. Bakinta a buɗe, babu sauti. Na kai hannu ga ƙullin, ya riga ya zama kamar dutse.

Abu ɗaya ya rage, in cire nawa. A ƙarƙashinsa 'yar riga ce mai guntun hannu, kaina ko ɗankwali babu, ga maza ta ko'ina. Na tsaya. Ban san tsawon tsayuwar ba, wataƙila bai wuce ƙiftawar ido biyu ba, amma na tsaya ina tunanin kaina a buɗe alhali idanun ƙanwata suna juyewa. Wannan ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Sannan na fizge shi ta sama, ya tafi da ɗan kunnena ɗaya, ƙyallen ya saki.

Na faɗa kanta na rufe ta da jikina. An taka ni a baya da cinya, ban ƙirga ba. Wata mata mai sayar da ruwan leda, Kirista ce, daga Hausarta na gane 'yar kudancin Kaduna ce, ita ta kifar da robarta ta kama mu ta ja har jikin katanga. Ta warware hijabin daga wuyan auta, ta yi ta fasa ruwa tana zuba mata a fuska tana bubbuga bayanta, har ta yi wani irin tari mai kama da haushi. Sannan ta kwance zanenta na sama ta yafa mini.

"Rufe kanki, 'yata. Tana numfashi, kin ji? Tana numfashi."

Duk wannan abin kiɗa bai tsaya ba. Daga inda mawaƙin yake tsaye babu yadda za a yi bai ga mata a ƙasa ba. Da na ɗaga kai, sai na ji shi da muryarsa ta gaskiya, siririya mara daɗi, yana cewa a dubi yadda ake ƙaunarsa a wannan yanki. 'Yan rumfa suka tafa masa. Sai da wasu suka fara haurawa ta katanga sannan aka tuna da wanda ke riƙe da makullin babbar ƙofa.

Mun isa gida ana kiran magariba. Inna ta ga zanen da ba nawa ba, ta ga jan layin da ya zagaye wuyan auta, ta zauna a ƙasa. Na ba su labari. Baba bai ɗaga murya ba, ya shiga ya ɗauko makullin babur ya kai auta asibiti. Inna kuwa sai maimaitawa take, ita ce ta ce a ƙulla, ita ce ta ce ƙulli uku. Na ce mata ba ita ta kulle ƙofa ba, ba ita ta jefo riga ba, amma ba ta saurare ni.

Likita ya ce maƙogwaron ya kumbura ne, zai sauka. Kwana uku auta ba ta iya haɗiye komai sai kunu mai ruwa-ruwa, shi ma da cokali, kuma ko kalma ɗaya ba ta fita. Ni nake ba ta. A rana ta huɗu da hantsi, ina riƙe da kofin, ta kama hannuna ta ce wani abu da ban ji ba. Na kai kunnena bakinta.

"Yaya," in ji ta, muryar a dishe, "ki ƙara sukari."

Na tashi na je na ƙaro.