Takalmin Kawu, Lallen Kaka

Jiya maƙwabciyata ta kwaɓa lalle, iska ta tsallako katanga da ƙamshinsa. Ina tsaye da tsintsiya a hannu, sai ga ni a ƙauyenmu na gindin duwatsu, can bayan Doguwa, na miƙe ƙafa a kan tabarmar Kaka. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, labarin ƙafa zan ba ka.

Kaka ita ta haifi mahaifiyata. Ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakinta, ban kuma sake komawa wurin mahaifiyata ba. Ta koya mini daka da tankaɗe da kaɗi, amma abin da ta fi tsanantawa a kai shi ne shiga wurin manya: takalmi a bakin ƙofa, gwiwa a ƙasa, ido a kan tabarma. Idan na manta ba ta faɗa. Gyaran murya kawai take yi, sai in koma da baya in sake shigowa. Har kwaleji na tafi da wannan gyaran muryar a kunnena.

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai mata, idon Kaka ya soma hazo. Da murya take gane mutum, da laluben bango take zuwa madafa. A daminar nan aka ce za a ɗauki malama mace guda ɗaya a firamaren ƙauyenmu, kuma za a yi intabiyu a sakatariyar Tudun Wada, don a lokacin can ce ƙaramar hukumarmu. Idan na samu, ina nan tare da Kaka. Idan ban samu ba, Kawu ya riga ya nema mini aiki a Kano, ita kuwa ta rantse ba mai raba ta da ɗakinta. Tsoro nake ji ƙwarai, kada in tafi in bar ta tana laluben bango ita kaɗai.

Kawu ɗanta ne na fari, akawu a wani kamfani a Kano, mutumin kirki mai son a san ya ga duniya. Da ya ji labari ya ɗauki hutun mako guda ya zo, da takalmi sau-ciki mai tsini a cikin kwali. Ya kifa turmi a tsakar gida ya ce tebur ne, ya zauna a bayansa yana haɗe gira.

"Ofis ba zaure ba ne," in ji shi. "Ba a cire takalmi, ba a durƙusawa. Ki zauna a kujera, ki dubi mutum cikin ido. Wanda ya sunkuyar da kai, sai su ce bai san komai ba. Sake shigowa!"

Na sake shigowa ya fi sau hamsin. Tsinin takalmin yana nutsewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ina tangaɗi, kaji suna watsewa. Da na koma gwaji a kan daɓen ɗaki, Kaka ta kasa kunne ta ji ƙwas-ƙwas, ta ce, "Yaron nan, doki ka sayo mana?" Ba ta ƙara cewa komai a kan darasinsa ba, ko gyaran murya ba ta yi ba. Na ɗauka ta sallama ne.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi, masara ta yi kore shar har gindin dutse. Kaka ta sa na tsinko ganye, ta kwaɓa lalle da kanta, ta ce in miƙo ƙafa. Na ce, "Kaka, ai takalmin rufaffe ne." Ta ce, "Miƙo dai, ƙawata." Da yatsunta ta bi gefen tafin ƙafata tana shafawa, ba ta gani amma ko kaɗan ba ta karkace ba. Ta naɗe da ganye, ta ɗaure da tsumma. Da asuba da na kwance, ya kama ja wur.

Motar 'yan kasuwa na hau, tsakanin buhunan dankali da wata Bafulatana mai ƙwaryar nono, takalmin yana cikin leda a cinyata. Sai a ƙofar sakatariya na saka shi. Mu tara ne a kan benci, kowa tana rungume da takardunta. Ina ta maimaita karatun Kawu a zuci har masinja ya kira ni.

Na yi sallama, na shiga, na zauna a kujera kamar yadda aka koya mini. Mutum uku ne a bayan tebur: sakataren ilimi, da wata shugabar makaranta mai tabarau, da wani dattijo mai farin gemu a tsakiya. Na kafa wa dattijon ido, ko ƙiftawa ba na yi. Can ya shafa gemunsa ya ce, "'Yata, wani abu ne a fuskata?" Kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai. A nan na ga ƙafafuna a kan siminti, tsirara, jajaye. Takalmin Kawu yana waje, ban ma san lokacin da na cire shi ba.

Na ce a raina shi ke nan, na tafi Kano. Shugabar makarantar ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Malama, ina takalminki?" Ban da wata dabara, sai na faɗi gaskiya. Na ce, "Ranki ya daɗe, kawuna ya yi mako guda yana koya mini shigowa da shi. Kakata kuma ta yi shekara goma sha tara tana koya mini cirewa." Sakataren ya yi dariya har da buga tebur. Daga nan suka tambaye ni lissafi da tsarin darasi, na amsa. Dattijon ya ce iyaye a ƙauyen nan ba sa sakin 'ya'yansu mata su zo makaranta, yaya zan yi? Na ce gida-gida zan bi in gaishe su, don na san kowane zaure da wanda ke zama a cikinsa. Ya dubi ƙafata, ya gyaɗa kai, ya yi rubutu. Da na fito, na tarar masinja ya juya mini takalmin yana fuskantar hanya, irin yadda ake yi wa manya.

Bayan mako uku takarda ta zo. Kawu ya yi ta faɗa wa mutane horonsa ne, ni ma ban taɓa ƙaryata shi ba, don da zuciya ɗaya ya yi. Kaka kaɗai na gaya wa abin da ya faru, ina cewa na kusa jawo mana asara. Ta laluba ta kamo ƙafata, lallen ya soma dusashewa.

"Ni na raine ki," ta ce. "Na san a bakin ƙofa za ki bar shi. Shi ya sa na ce kada su ga ƙafar fara fat."

Damina shida muka ƙara yi tare, ni nake kai ta madafa. Yanzu ni ma an sha zaunar da ni a bayan tebur, yara suna shigowa da ƙwas-ƙwas ɗinsu, suna dubana cikin ido, suna amsa tambaya tsaf. Ina jin daɗinsu, zamaninsu ne, kuma Kawu ya yi gaskiya a kansu. Amma har na yi ritaya, duk safiya in na isa ƙofar ofishina sai na ɗan tsaya, ƙafar dama tana neman zamewa daga takalmi, ina jiran a yi gyaran murya.