Gyaran Muryar Teku

Mijina Uelese ya shekara arba'in da ɗaya yana jefa kwakwa a rami. Sana'arsa ke nan. In aka tambaye ni aikin maigidana na faɗi haka, sai mutum ya tsaya yana jiran sauran bayani, to babu saura.

Ramin yana bayan ƙauyenmu, a kudancin tsibirin Savai'i, inda baƙin dutse ya gangara ya tarar da teku. Ruwa ya cinye dutsen ta ƙasa, shi ya sa duk sanda babbar igiyar ruwa ta shigo sai ta rasa hanya, ta yi tsiri ta ramin nan har ta wuce tsawon bishiyar kwakwa. Uelese yakan tsaya a bakin ramin da busasshiyar kwakwa a hannu, ya sake ta daidai lokacin da ruwan zai taso. Kwakwa ta yi sama har ta koma kamar ƙuda. Baƙi su yi ihu, su ɗauki hoto, su koma mota. Tun daga ƙarshen duniya Turawa ke hawo jirgi su zo kallon wannan abu. Ni dai ina da rumfa a gefe ina sayar musu da ɗanyar kwakwa su sha, ban taɓa tambayarsu dalili ba.

Kada ka raina aikin. In ka yi gaggawa, kwakwa ta nutse, ba a sake ganinta. In ka makara, kai ne za ka sha wanka a gaban mutane. Uelese yakan ce wa baƙi teku ba ta magana sai ta yi gyaran murya, shi kuma gyaran muryar yake saurare. Sai ya kai hannu bayan kunne, ya lumshe ido. An ce hotonsa a haka ya kai har Jamus. Kunnen nan nasa abin alfaharin ƙauye ne, domin tun da ruwa ya taɓa jan wani mutum a zamanin kakanni, dattawa suka kafa doka: ba mai tsayawa a bakin rami sai wanda yake jin teku.

Sau biyu ya taɓa barin tsibirin nan a rayuwarsa. Na farko ya je Apia, babban birnin ƙasarmu, cire haƙori, ya dawo ya ce mutane sun yi yawa. Na biyu ya koma ne don ya tabbatar. Abincinsa gwaza da madarar kwakwa, in ka ba shi wani abu daban sai ya dube ka kamar ka zage shi. Kuma mutum ne mai gardama. In na ce hadari ya taso, ya ce hayaƙi ne. Haka muka yi ta fama har shekara huɗu da suka wuce, sai kawai mutumin ya sauya. Duk abin da na faɗa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiyarki, tsohuwa." Na yi murna ƙwarai. Har shaida na bayar a taron mata na coci cewa addu'a tana gyara miji, wasu mata biyu suka nemi in koya musu irin wadda na yi.

Matsalar ta fara ne daga 'yarmu Mafutaga, wadda ke aikin jinya a birnin Auckland, can ƙasar waje. Wani baƙo ya ɗauki bidiyon babanta ya watsa, ta gani, ta kira ni a waya ranta a ɓace.

"Mama, duniya ta ga ƙafar Baba! Kin ga fason nan kuwa? Abokan aikina suna tambaya ko ba shi da 'ya'ya."

Bayan sati uku sai ga kwali. Takalmi ne baƙi mai igiya, tafinsa ya yi kaurin katakon da nake yanka kifi a kai. Ranar Lahadi bayan coci aka buɗe shi a gaban dangi, fasto ya sa masa albarka. A wurinmu kyautar ɗan da ke ƙasar waje ba a ajiye ta a ƙarƙashin gado, sawa ake yi kowa ya gani. Uelese ya juya takalmin, ya daɗe yana kallon tafin, yana latsawa da babban yatsa.

Na ce, "Kallon me kake yi? Ba cinsa za ka yi ba, sawa za ka yi."

Ya ce, "Gaskiyarki, tsohuwa."

Kullum da safe sai na ɗauke shi hoto da takalmin na aika wa Mafutaga. Daga rumfata kuma ina hangen ƙafarsa, bai isa ya cire ba.

Ranar farko ya jefa kwakwa uku, teku ta haɗiye duka. Kashegari ya sha wanka sau biyu. Kafin sati ya zagayo baƙi sun koma tafa masa irin tafin da ake wa mara lafiya in ya iya shan ruwa da kansa. Wata Baturiya ta zo rumfata ta tambaye ni cikin ladabi ko an fara. Na ce mata an gama.

Nan fa Fetuao ya samu bakin magana. Ɗan ƙanen Uelese ne, shekararsa talatin da biyar, ya dawo daga tsinkar tuffa a ƙasar waje da baƙin gilashi da agogo. Wai shi da agogo yake lissafa igiyar ruwa.

Ya riƙa cewa, "Goggo, Baba ya gaji. Ku bar shi ya huta mana."

Na ce, "Kai da ka huta tun daga haihuwa, me ka tsinana?"

Amma magana ta kai ga matai, masu sarautar gidajen ƙauye, su ne masu iko da rami. Suka yanke cewa ranar Alhamis, da jirgin baƙi zai zo, za su zauna su gani da idonsu. Kwakwa uku za a ba shi. In babu wadda ta tashi, Fetuao ya karɓi wurin. Ni na san mijina. In aka raba shi da bakin ramin nan, ba zai kai Kirsimeti ba.

Safiyar Alhamis yana zaune a bakin gado, kai a sunkuye, yana fama da igiyar takalmi. Na zo na tsaya a kansa. Ni ba mai zaƙin baki ba ce, kowa ya sani, amma ranar tausayinsa ya kama ni. Na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa ba tun ranar aurenmu. Na ce ko sun ƙwace ramin, ni ba rami na aura ba. Na ce da za a sake dawo da ni budurwa, shi ɗin dai zan zaɓa, har da gardamar. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba na kunnen kowa ba ne. Bai ɗago ba, ya ce, "Gaskiyarki, tsohuwa." Na fita zuciyata wasai.

An shimfiɗa wa matai tabarmi a kan dutsen, nesa kaɗan da rami. Baƙi mota uku. Uelese ya kai hannu bayan kunne, ya lumshe ido, ya saki ta farko. Shiru, teku ta karɓa ba ta ko gode ba. Ya saki ta biyu bayan ruwa ya riga ya taso, ya jiƙe sharkaf har zanensa ya manne masa. Fetuao ya duba agogo ya girgiza kai. Kwakwa ta uku ma tana hannunsa, wai yana riƙe wa Baba.

Babban matai ya yafito Uelese da hannu. Ba a taka tabarmar manya da takalmi, don haka ya tsuguna ya kwance, ya ajiye a gefe, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya sunkuyar da kai. Dattijon ya fara jawabi. Manyanmu ba sa sallamar mutum sai sun yi rabin awa suna yabon kakanninsa, kowa ya san inda aka dosa.

An kai kan kakansa na biyu ke nan sai na ga yatsun ƙafar Uelese sun motsa. Ya miƙe tsaye, ana tsakiyar maganar babban matai! Na ce na shiga uku, yau har gidan ma sai an kore mu. Ya fizge kwakwar daga hannun Fetuao, ya taka zuwa bakin rami ƙafa ba takalmi. Bai kai hannu kunne ba. Ya ɗan tsaya, ya saki.

Kai! Tunda nake a rumfar nan ban taɓa ganin tashi irin wannan ba. Ruwa ya jiƙa baƙi, ya jiƙa matai, ya wanke wa Fetuao gilashi. Kwakwar kuwa ta daɗe a sama kafin ta faɗo bayan motar baƙi, direba ya tsallake rijiya da baya.

Uelese bai jira komai ba. A ganinsa an riga an sallame shi, ga kuma laifin katse babba. Ya ɗauki takalmansa a hannu ya kama hanyar gida.

Babban matai ya ce, "Uelese, dawo."

Bai juyo ba. Fetuao ya ƙwala masa kira, bai juyo ba. Sai na buɗe murya, wadda nake kiran aladunmu da ita daga gindin tsauni su amsa: "Uelese!" Tsakaninmu bai fi taku ashirin ba. Yana ta tafiyarsa, ko a jikinsa. A lokacin na gane mijina ba ya ji.

Na bi shi da gudu na dafa kafaɗarsa. Ya juyo, sai na lura bakina yake kallo, ba idona ba.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

"To gyaran muryar fa?"

Ya nuna tafin ƙafarsa. "Ta nan take zuwa. Dutse yana rawa kafin ruwa ya taso."

"Haba tsoho! Me ya hana ka faɗa?"

"In an san kunne ya tafi, rami ya tafi. Takalmin kuma na Mafu ne." Ya juya takalman a hannunsa. "Ke kuma ba ki taɓa tsayawa ba balle in samu wurin sa baki."

Matai suka yi shawara har rana ta take. Daga ƙarshe babbansu ya ce dokar kakanni cewa ta yi wanda yake jin teku, ba ta ce ta ina zai ji ba. Aka bar wa Uelese wurinsa. Aka ce Fetuao ya riƙa tsayawa a bayansa don tsaro, ya cire agogo da takalmi ya koyi aiki. Takalmin Mafutaga kuma ya zama na zuwa coci, inda Uelese ya ce ba ya hana shi komai. Shaidar da na bayar a taron mata dai ban janye ba, ba wadda ta tambaye ni.

Da yamma muna zaune a ɗaki na sa masa gwaza a gaba. Abu ɗaya yake cina tun rana. Na taɓa gwiwarsa ya ɗago.

"Maganar da na yi maka da safe, ka ji?"

"Wacce?"

Na buɗe baki in maimaita, ta ƙi fitowa. Irin wannan magana sau ɗaya take fita daga bakin mace irina, ita ma sai da na shekara arba'in ina tara ta. Sai hawaye suka zubo mini. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina.

Ya ajiye gwazar. Ya buga katakon daɓen ɗakin da tafin hannu.

Ya ce, "Ke ma ta nan nake jin ki. In kin yi fushi da dunduniya kike takawa. In kuɗin Mafu sun iso, sauri kike. In kina faɗa, ƙafarki ba ta zama wuri ɗaya. Yau da safe kin zo kin tsaya a kaina, kin daɗe, ko motsi ba ki yi ba. Tunda na aure ki ban taɓa jin kin tsaya haka ba. Na san magana ce mai kyau."

Ban maimaita ba. Na tashi na zagaya kusa da shi na tsaya cik, har ya gama cin gwazarsa.