Sukar Alhaji ce ta samo min aiki

Jama'a, yau wata Hajiya ta burge ni!

Na je intabiyun direban motar ɗalibai a makarantarta a Gwammaja. Ta ce, "Malam Sani, zan kira tsohon maigidanka." Ga shi kuwa baram-baram muka rabu da Alhajin da na yi wa direba. Na ce, "Hajiya, ba zai yabe ni ba, amma kira shi a gabana."

Ta sa sifika. Alhaji ya hau faɗa: "Wannan mai taurin kan? Tafiyar hawainiya gare shi! Na ce ya bi wanwe, wato hannun masu tahowa, ya ƙi, har jirgi ya tashi ya bar ni!"

Ta yi masa godiya ta kashe wayar. Sai ga makulli ta miƙo min!

"'Ya'yan mutane za ka ɗauka, Malam. Hawainiyar nake nema."