Gammon da Na Naɗa a Gindin Dutsen Dogon

Ko zan manta ranar da na sauka Amurka, ba zan taɓa manta ranar da na hau dutsen ƙabilar Dogon a ƙasar Mali ba. Ina da shekara arba'in da tara a lokacin, ga ciwon suga, ga gwiwa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Amma abin ba a Mali ya faro ba. A Greensboro ya faro, a wurin ajiye motoci na gidan hayarmu da ke titin High Point, wanda yanzu suka sauya wa suna. Wata Asabar na sayo buhun shinkafa a kantin 'yan Afirka. Na dubi buhun, na dubi matakalar bene hawa biyu, sai na yi abin da kowace 'yar Maraɗi za ta yi. Na cire gyalena, na naɗa gammo, na ɗora buhun a ka. 'Yata, wadda aka haifa a nan, tana tsaye da ƙawayenta, shekarunta goma sha huɗu. Ta matso kusa da ni, ta ce da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, "Momi, don Allah sauke. Mutane na kallo." Na sauke. Muka yi ta jan buhun a matakala mu biyu muna haki. Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma tun daga ranar ban sake ɗora komai a kaina ba.

Shekara shida bayan haka tana jami'a tana karatun zanen gine-gine. Hirarmu ta koma "kin ci abinci?" kawai, ni in yi Hausa, ita ta amsa da Turanci. Rannan ta ce za ta je Mali a hutun ƙarshen shekara tare da ƙawayenta biyu 'yan ajinsu, su zaga ƙauyukan Dogon a ƙafa, su ga ginin ƙasa. Na ce da ni za a je.

"Momi, tafiyar ƙafa ce ta kwana huɗu," in ji ta. "Ke ko kantin tsallaken titi da mota kike zuwa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi mini zafi. Tsorona ɗaya ne: yarinyar nan za ta je ta yaba Afirka a jikin wasu, ta dawo tana jin kunyar wadda ke cikin gidansu. Na ƙudura a raina sai ta gan ni a saman dutsen nan da ƙafafuna.

Lokacin ina aikin kula da wata tsohuwar Baturiya a Sedgefield. Wata huɗu ina isa awa guda kafin aiki, in ajiye mota, in yi ta zaga unguwar ta gefen filin golf, masu yawo da karnuka suna ɗaga mini hannu. Likita ya yarda, da sharaɗin kada in yi wasa da magani da abinci. Wata Hajiya 'yar ƙungiyarmu ta Hausawan Greensboro kuwa da ta ji labari sai ta riƙe haɓa. "Ke kin samu bakansi, an ba ki hutun aiki, maimakon ki je gida ki huta, sai hawan dutse? Me kika ajiye a can?" Na ce, "Hajiya, in na dawo zan gaya miki."

'Yata ta saya mini takalma masu nauyi da jakar goyo irin ta Turawa, mai igiyoyi a ƙirji da ƙugu. Daga garin Bandiagara muka sauka ƙasa, muka yi kwana biyu muna bin gindin dutsen daga ƙauye zuwa ƙauye. Dutsen ya miƙe ja wur ba iyaka, gidaje manne a jikinsa, rumbuna sanye da hulunan ciyawa, ga gonakin albasa kore shar. Gaisuwar mutanen wurin ta fi tamu tsawo, abin da ban zaci zan gani ba a duniya. Goron da ake ba dattawa ni na zaɓo shi a kasuwa, har jagoranmu, wani magidanci mai jin Faransanci, ya ce bai taɓa raka baƙi da goro mai kyau haka ba. Wannan ce kaɗai nasarar da na samu a kwana biyun. Sauran duk wahala ce. Jakar ta saluɓe mini kafaɗu, tana ja na baya, kullum ni ce ta ƙarshe. 'Yata ta ce in kawo ta ɗaukar mini. Na ƙi, don taurin kai gadona ne.

Safiyar kwana na uku muka iso inda za a hau. Hanyar wata tsaga ce a jikin dutse, an jera duwatsu a matsayin matakala. Ban yi taku ashirin ba jakar ta fizge ni baya, na zauna daɓas a ƙasa. Jagoran ya zo ya tsuguna. "Madam, akwai amalanken jaki da zai kai ki bakin hanyar mota. Ki jira mu a Bandiagara, ba abin kunya ba ne."

"Ki yarda, Momi," 'yata ta ce. "Kin yi ƙoƙari." Na ga sauƙi ya sauko mata a fuska, kuma wannan ya fi faɗuwar ciwo.

Ina zaune ina haɗiye hawaye sai ga mata sun taho a jere za su hau, kowacce da kaya a ka, masu albasa, masu tulu. Ta bayansu tsohuwa ce da ta girme ni nesa ba kusa ba, ɗauke da ƙwaryar gero, ba takalmi. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi jakar da ke goye a bayana, ta kwashe da dariya. Ta faɗi wata magana da yarensu, ta nuna kanta da yatsa. Ban nemi tafinta ba.

Na dubi 'yata sau ɗaya. Sannan na kwance igiyoyin, na cire takalman na ɗaure su a jikin jakar, na warware gyalena. Hannuna bai manta ba. Kafin in yi tunani gammo ya naɗu. Ɗaya daga cikin matan ta ɗora mini, kayan suka zauna daram, na ji bayana ya miƙe kamar an zare mini ƙaya. Na ce bismillah, na bi bayan tsohuwar.

Ba zan ce da sauƙi ba. Gwiwa ta yi ta kuka, sau biyu na tsaya na ci dabino don kada sugana ya faɗi. Can sama muka tarar da tsani irin nasu, gungumen itace guda da aka sassare masa wurin taka ƙafa, an jingina shi a kan wani rami mai duhu. Na ɗan ja tunga. Amma mai kaya a ka ba ta sunkuyawa, don haka ramin ma ban samu damar kallonsa ba. Yatsun ƙafata suka lalubi sara na farko, na biyu, na uku, ina kallon dugadugan tsohuwar masu faso, har na ji iska ta buge ni a fuska. Na fito saman dutse. Ƙasa ta shimfiɗu a gabana har inda ido ya gaza, na tsaya da kayana a ka ina kuka, ban ɓoye ba.

'Yata ta iso bayana tana numfashi sama-sama. Ƙawayenta na ta ɗaukata hoto, matan na kallo, na jira in ji an ce in sauke. Sai ta kwance jakarta, ta cire ɗankwalin da ta ɗaura saboda rana, ta miƙo mini. Da gurguwar Hausarta, wadda rabona da jin ta tun tana firamare, ta ce, "Mama, yaya ake yi?"

Gammonta na farko warwarewa ya yi. Jakar ta faɗo sau uku, matan suna ta shewa. A karo na huɗu ta zauna, 'yata ta shiga ƙauyen da ke saman dutsen tana tallafe da ita da hannu bibbiyu, wuya a sanƙare, tana dariya.

Shekaru na yi ina ganin laifin yarinyar nan, sai a kan dutsen na gane nawa ya fi. Ita yarinya ce ta ce in sauke, ni babba ce na sauke. Ɗa ba ya girmama abin da uwarsa ta ɓoye. Tun da muka dawo, in na sayo shinkafa a ka nake hawa da ita, mai kallo ya kalla.