Ta Ce Kada In Sa Sunanta, Ni Kuwa Na Ɗauka Da Gaske

A lokacin da wannan abu ya faru, ni ce sakatariyar wata ƙungiyar manoman rani a Kura, mai tsara wanda zai sha ruwa yau da wanda zai jira gobe. Na yi karatun difloma, kuma an san ni da hali guda: abin da aka faɗa mini shi nake riƙewa, ba ƙari ba ragi.

Bayan aiki, ina cikin wani zauren marubuta na waya, inda muke ɗaukar jaruman wani shiri mai dogon zango da ake nunawa a talabijin, mu saƙa musu rayuwar da masu shirin ba su ba su ba. Wata baiwar Allah 'yar Bunkure, wadda ta girme ni, ta taɓa rubuta gajeren labari: attajirin shirin ya karye, ya dawo ƙauye noman rani, matarsa 'yar gata ta shiga laka tana koyon dashen shinkafa. Shafi kaɗan ta yi ta ajiye. Tunanin ya hana ni sukuni, domin na san rigimar rabon ruwa kamar yunwar cikina, na kuma hango inda labarin zai iya kaiwa. Ban yi gaban kaina ba. Na hau adaidaita har gidanta, na gaishe ta, na nemi izini, na ce zan sa sunanta a saman kowane shafi. Ta yi dariya ta rufe baki da mayafi, ta ce haba ƙanwata, wane suna kuma, ɗan abin nan ai bai kai a ambata ba, in je in rubuta kawai. Na yi godiya, na rubuta babu sunanta.

Labarin ya karɓu fiye da zatona. Ana nan sai wata mai kaifin baki a zauren ta tono tsohon rubutun, ta jera shi da nawa, ta ce jama'a su zo su ga 'yar boko tana girbe gonar da ba ta shuka ba. Nan fa aka yi mini ca. Wannan ta ce dama masu difloma da satar amsa suka saba, waccan ta ce a bincika ko ruwan manoman ma haka nake karkatar da shi gonar gidanmu. Wannan ta biyun ta fi ƙona mini rai, domin wasu daga cikin 'yan zauren 'ya'yan manoman da nake yi wa aiki ne, kuma mai riƙon amanar ruwa in aka kira ta ɓarauniya, aikinta ya ƙare. Na bayyana cewa izini na nema aka ba ni. Aka ce to mai labarin ta fito ta faɗa. Tana cikin zauren, tana karantawa, amma ta yi gum. Shugabar zauren ta ce in ba a ji daga bakin mai labarin ba, za a cire ni, a kuma sanar da sauran zauruka.

Na kai kukana wurin gwaggona ina huci, ina cewa an ci amanata. Ta bari na gama, sannan ta tambaye ni sau nawa na yi tayin sa sunan. Na ce sau ɗaya, ai ta ƙi. Ta tafa hannu ta yi salati, ta ce lallai boko ya cinye ni. Wace 'yar mutunci ce za a ce za a yabe ta, ta ce to? Ko baƙo aka yi wa bismillah ya ce alhamdulillah, ai ba janye kwanon ake yi ba.

Na koma Bunkure, na tarar da ita tana shanya yankakken tumatir, ta amsa gaisuwata ciki-ciki. Na ce Yaya ta fi kowa sanin ban saci komai ba, amma na yarda na ɗauki kawaicinta a matsayin hukunci. Ta ce kowane shafi ya fito sai ta duba samansa ta ga wayam, haushin haka ne ya ɗaure mata baki. Na sake yin tayin, ta ce a bari. Na maimaita, ta ce ni dai da naci. Na ce ba zan tashi ba, sai ta murmusa ta ce to yadda na gani. A gabana ta tura saƙon murya zauren, ta ce takanas yarinyar nan ta tako har ɗakinta neman izini, wa a cikin masu zagin ta taɓa yi wa wata haka?

Mai kaifin bakin ta biyo ni ta bayan fage tana ban haƙuri. Na ce a'a, inda aka zage ni nan za a wanke ni, kuma haka aka yi. Na kammala labarin da sunayenmu biyu a sama, nata a gaba.

'Yan'uwana marubuta, neman izini wajibi ne, amma bai wadatar ba. In mai labarin ta ce kada a ambace ta, ku sani kunya ce take magana. Ku sa sunan, ta yi muku ƙorafin kun cika ta da yabo. Ku kuma masu saurin kiran mutum ɓarawo, ku tambaya tukuna. Ni Allah Ya wanke ni, amma ba kowa ne zai samu mai labarin ta buɗe baki ba.