Langar Matar Mahauci

A gidanmu na Salaga kwano ba ya komawa wofi. Idan maƙwabciya ta aiko da abinci, mahaifiyata takan wanke kwanon ta zuba wani abu a ciki, ko gyaɗa ce ko busasshiyar kuɓewa, kafin a mayar. Haka na tashi na gani, na kuma ɗauki abin da zafi fiye da ita. Ita don zumunci take yi. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, don kada a raina ni ne.

Da daminar 1969 maigidana ya aiko wasiƙa daga Kumasi cewa ya samu aikin gyaran jikin mota a Magazin, unguwar makanikai, ya kuma samu ɗaki a Zango, in taho da yara. Kafin la'asar na zagaye unguwa da labarin. Shi ɗaki kawai ya ce, amma a bakina ya zama ciki da falo, har da lantarki. Muka hau lori ni da ɗiyata mai shekara huɗu da jariri a baya, muka ƙetare ruwa a Yeji, ina ta hura hanci kamar wadda za a naɗa sarauta.

Ɗakin da na tarar wurin ajiyar gawayi ne a da. Yana ƙuryar wani babban gidan haya, jikin banɗaki, bangonsa baƙi ƙirin har rufi. Idan muka shimfiɗa tabarma biyu, sai an ɗora akwatina a kan buhun gari. Na dubi maigida, ya dubi ƙasa. Ya ce ko wannan ma sai da mastansa na wurin aiki ya sa baki aka ba shi, kuma abin da yake biya duk wata ya isa mutum ya kama gida sukutum a Salaga. A Kumasi na fara ganin ana sayen itace ƙulli-ƙulli, ana sayen ganyen miya, ana biya kafin a shiga bayan gida. Albashin da na yi ta tinƙaho da shi, haya ke fara yanka rabonta, mu kuma mu lallaɓa da saura.

Abin da na zo da shi daga gida bai wuce garin masara da kuka ba, sai wata ƙwarya cike da daddawar da mahaifiyata ta yi da hannunta. Daddawar nan na naɗe ta da tsumma na tura ƙarƙashin kaya, don a ganina matan birni za su ce na shigo musu da warin ƙauye.

Kwana uku da zuwanmu sai ga sallama a ƙofa. Matar mahauci ce, mai babban ɗakin da ke fuskantar namu. Ta girme ni da shekaru masu yawa, doguwa ce, mai yawan dariya. Iyayenta da na mijinta daga Nijar suka zo, amma ita a Zangon aka haife ta, ba ta taɓa wuce Tamale ba. Tana riƙe da langa fara mai jajayen furanni. Ta buɗe murfin, ƙamshi ya cika ɗakin gawayi: tuwon shinkafa ne da miyar gyaɗa, ga nama zuƙu-zuƙu.

"Baƙuwa, sannu da hanya," in ji ta. "Ku ci, hanya nga da nisa paa."

"Yaya, har da wahala haka? Allah ya saka da alheri."

Ta miƙo mini langar, ta tsaya tana wasa da jaririna, ta tafi da murfin a hannunta ba ta ma lura ba. Muka cinye tas. Rabon yarana da nama tun Salaga. Na wanke langar da toka har tana ƙyalli, sannan na zauna ina kallonta, don na san aiki ya same ni.

Maigida ya ce, "Ki zuba mata daddawar Inna mana. Nan ba su samun irinta."

Na taso masa kamar zan cinye shi. "Malam, nama ya shigo ɗakin nan, ni kuma in mayar da daddawa? Ka kawo ni birni ka ajiye ni a ɗakin gawayi, yanzu kuma kana so a yi da ni a tsakar gida? Nama ya zo, nama zai koma."

Na sa langar a akwati, na ce sai ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo, haya ta kwashe. Wata na biyu ɗiyata ta kama tari saboda ƙurar gawayi da danshin bango, magani ya kwashe. Sau ɗaya na sayi nama ɗan kaɗan da niyyar in dafa mata, na dubi idon yarinyar nan, na zuba mata a kwanonta.

Kunya abu ce mai saurin rikiɗa. Da farko na daina haɗa ido da matar mahauci. Daga nan na sauya lokacin zuwa famfo don kada mu haɗu. Idan ta gaishe ni sai in amsa a taƙaice in shige. Kafin wata uku har na fara jin haushinta, ina faɗa wa kaina cewa nuna arziki ta zo yi mini. Ɗakinta in an ɗage labule ana hango langoginta a jere bisa kantar kaya, shida iri ɗaya, daga babba zuwa ƙarama. Gurbin ta tsakiya babu kowa sai murfi a kife. Kullum na wuce sai idona ya kai wurin.

Wata safiya ta ritsa ni a famfo, ga matan gida kusan biyar da bokitai. Da fara'arta ta ce, "Ƙanwata, langa na yana wurinki ko? Za a yi suna a Aboabo, ina so in kai abinci."

Ba ta ce in cika ba. Ba ta ce komai ba sai wannan. Amma na ga idanu sun juyo kaina, na ji a raina duk sun ƙirga watannin. Sai bakina ya riga hankalina.

"Ai na mayar tuni, Yaya. Tun satin da kika kawo."

Ta dube ni na ɗan lokaci. Sannan ta dafa goshi ta yi dariya. "To, ni ne na manta ke nan. Kai nga nawa ya tsufa kuraa." Ta ɗauki bokitinta ta tafi, matan suka ci gaba da hirarsu.

Ta rufa mini asiri, ni kuma na rufe wa kaina ƙofa. Kafin ranar, langa cike da nama za ta iya wanke ni. Bayan ranar, ko rago na soya a ciki, mayar da ita na nufin in tsaya a gaban mata in ce ni maƙaryaciya ce. Da na koma ɗaki na buɗe akwati na tura ta can ƙasa, ƙarƙashin zannuwana na aure. Ko maigida ban faɗa wa ba. Shi a zatonsa ta koma.

Kusan ƙarshen shekarar gwamnati ta ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Mu abin bai shafe mu ba, don kakanninmu a Salaga suke kwance. Amma rabin gidanmu ya shafa, har da mahauci da matarsa. Ita da Hausarta ta Zango da yaren Tuwi na bakinta da ya fi na wasu Asantawa, aka ce ta koma garin da ba ta taɓa gani ba. Zango ya koma kasuwa. Gadaje, kekunan ɗinki, tukwane, komai a waje, ana sayarwa a wulaƙance, don lori ba ya ɗaukar mutum da ɗakinsa.

Ita ma ta fito da nata tsakar gida. Ina cikin ɗaki na ji wata Ba'asantiya mai sayen kaya tana ƙwanƙwasa langogin ɗaya bayan ɗaya.

"Maame, daya ba shi nan. Biyar ne. In shida ne na saya da kyau, amma biyar, kudi ya ragu."

"Ɗaya ya ɓata," in ji matar mahauci. "Ki ba abin da kin ga dama."

A kan akwatin nake zaune lokacin. Tsakanina da su bai fi taku goma ba. Abin da ya rage kawai in tashi, in buɗe, in fita. Na ji ana ƙirga mata abin da bai kai ba, na ji an kwashe langogin an fita. Ban tashi ba.

Ran nan da yamma maigida ya dawo daga Magazin, hannunsa duk baƙin mai, ya ce Alhaji mai gidan ya tare shi a zaure. Idan mahauci ya tashi, mu koma ɗakinsu, a kan kuɗin da muke biya yanzu. Ɗaki mai taga biyu da siminti. Zan so in ce raina ya ɓaci. Wallahi murna na yi, har na fara auna inda zan sa gado. Sai daga baya na ji ɗacin murnar, amma ita ta fara zuwa.

Ranar tafiyarsu da hantsi ta bi ɗaki-ɗaki tana sallama. Ta zo ƙofata a ƙarshe, ta tsuguna ta shafa kan ɗiyata.

"Ƙanwata, za mu tafi. In na yi miki wani abu, ki yafe."

"Ba ki yi mini komai ba, Yaya," na ce, muryata kamar ba tawa ba.

"Abu ɗaya ne zan roƙa. Daddawa nga naki. Tun ran da kin zo ƙamshinsa ke shigowa ɗakina. Irin na tsohuwata ne, tun da ta rasu ban ƙara ji ba. Kullum ina cewa yau ƙanwata za ta ɗanɗana mini. Ki ba ni kaɗan in yi guzuri."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata biyar ina jiran nama, ashe abin da take so yana ƙarƙashin kayana tun daren farko, kuma mijina ya faɗa mini. Na jawo ƙwaryar. Akwatin na nan gefena. Allah ya ba ni dama ta ƙarshe, in zuba a langarta in miƙa mata, ko uffan ba sai na ce ba. Amma akwai mata biyu tsaye a bayanta, daga cikin waɗanda suka ji ni a famfo. Na yagi tsumma na ƙulle daddawar duka na ba ta.

Ta kai hanci ta shaƙa, idonta ya ciko. Ta yi mini addu'a mai tsawo, ni da yarana. Sannan ta ɗora ƙullinta a ka ta bi mijinta zuwa tasha. Ban raka ta ba, na ce jariri na barci.

Farkon 1970 muka kwashe kayanmu muka tsallaka tsakar gida. Alhaji da kansa ya kawo mabuɗi. Maigida yana ta godiya, sai tsohon ya ɗaga hannu.

"Ba ni za ku gode wa ba. Mutum uku sun nemi ɗaki nga, da ƙarin kuɗi. Matar mahauci ce ta zo ta durƙusa mini, ta ce yarinyarku na tari a ɗakin gawayi, in ba ku don Allah."

Na karɓi mabuɗin na buɗe. Ɗakin a share yake fes. Ta sayar da gado, ta sayar da kantar langogin, ko ƙusar rataye kaya ba ta bari ba. Sai abu ɗaya a kan dakalin taga, an wanke shi, an kife: murfi fari mai jajayen furanni.

Maigida ya ɗauka yana juyawa. "Ta manta murfi. To me za a yi da murfi ba langa?"

Na durƙusa na buɗe akwati a gabansa, na ɗaga zannuwan aure ɗaya bayan ɗaya, na fito da ita. Ya dubi langar, ya dube ni, ya miƙo mini murfin. Na ɗora, ya zauna daram.

Ɗiyata ta daina tari kafin azumi. Matar mahauci kuwa ban ƙara jin labarinta ba, ban ma san sunan garin da suka nufa ba, don a wata biyar ɗin nan ban taɓa zama na tambaye ta ba.