Ni da Teku a Takarda Ɗaya

Wata safiya cikin watan Disamba na shekarar 1970, 'yan makonni bayan ƙaramar Sallah, ƙarar bokiti ce ta tashe ni daga barci. Iska ce ta same shi a saman soron gidanmu da ke Ammariyya, tana ta gara shi daga wannan bango zuwa wancan, tagogin katako na buguwa, awakin maƙwabta na ta kuka. Na haura da gudu ko takalmi babu, na tarar sama ta yi baƙi ƙirin ta wajen teku, abin da ba mu cika gani ba a Jidda, garin da shekara kan zagayo ba a yi ruwan kirki ba. Ummi mahaifiyata na kokawa da shanya a kan igiya, Sitti kakata na can ƙasa tana ta salati. Shi kuwa Abuya, mahaifina, yana tsaye a tsakiyar soron, iska na kaɗa masa riga, yana dariya shi kaɗai. Da ya hango ni sai ya ce, “Marwaha, sa takalminki. Yau za mu kai wa mutumina kyautarsa.”

Sunana Zainabu, amma ba mai kirana da shi sai malamar makaranta. Marwaha a bakin mutanen Jidda ita ce fanka, kuma Ummi ce ta laƙaba mini, don ta ce tun da ta haife ni ba ta taɓa ganina zaune wuri ɗaya ba. In an aike ni sayen ful, wato dafaffen wake da mai, da burodin tamis da safe, da tsalle nake zuwa, da tsalle nake dawowa, rabin man ya zube a hanya. In mai jakin ruwa ya shigo lungunmu, ni ce ta farko a bayan amalankensa. A makaranta ni ce sarauniyar 'yar gala-gala da tsallen igiya, ni ce kuma wadda aka fi tsayarwa a bakin allo saboda mutsu-mutsu. Duk wannan bai dame ni ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: a bangon ɗakinmu akwai hoton kowa, yayyena da ƙannena har da jaririn goye, amma babu nawa. Alhali kuwa ubana mai ɗaukar hoto ne.

Abuya yana kafa akwatinsa ne a gindin wani bango kusa da masaukin alhazai, wajen tashar jiragen ruwa. Akwatin katako ne mai ƙafa uku, da baƙin ƙyalle da yake cusa kansa a ciki, da hannun riga da aka ɗinka a jikinsa, ta nan yake zura hannu ya wanke hoton a cikin akwatin. Ba shi da abin latsawa. Murfi ne a bakin gilashin, sai ya zaunar da mutum, ya gyara masa haɓa, ya daka tsawa, “Kada ka motsa!” sannan ya cire murfin, ya ɗan jira, ya mayar. Wannan tsawar ya iya ta da Hausa da Larabci da harsunan alhazan da ko sunan ƙasarsu ban sani ba. Kowane hoto takarda biyu yake ci, don na farko a juye yake fitowa, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi, sai ya sake ɗaukar wannan ɗin kafin mutum ya fito da kamanninsa. Ni kuwa duk lokacin da ya gwada ni, sai in fito da kai biyu ko hannu huɗu. Da ya gaji da asarar takarda sai ya yanke hukunci: “Abin da ba ya tsayawa ba ya ɗaukuwa.” Ina jin zafin maganar nan ƙwarai, ko da yake ban taɓa nuna masa ba.

Da Sallar nan ta zo na matsa masa lamba har ya yi mini alkawari. Ya ce in na iya zama ban motsa ba har Sitti ta kai ƙarshen carbinta, zai ɗauke ni. Takardar hoto ta yi wuya a gari a lokacin, ana jiran jirgin da zai kawo, amma ya ware guda biyu a cikin baƙar ambulan ya ce nawa ne. Na sha wuya ba kaɗan ba, don Sitti da gangan take jan carbin a hankali, tana leƙena ta wutsiyar ido. Ƙuda ya sauka a hancina, ƙafata ta yi ƙaiƙayi, ƙannena su yi ta yi mini gwalo. Ana gobe iskar nan za ta taso na ci jarrabawar, aka sa ranar Juma'a, har Ummi ta goge mini rigar Sallah.

Mutumin Abuya kuwa, wanda za a kai wa kyauta, babu wanda ya taɓa ganinsa a gidanmu, don makaɗi ne da muka sani a faifai kawai. Wani baƙo ma'aikacin jirgin ruwa ne ya taɓa ba Abuya faifan garmaho bayan ya ɗauke shi hoto. Kiɗan Turawa ne zalla, ba waƙa ba murya, goge da algaitu da ganguna masu yawan gaske. Yakan fara a hankali, ya yi ƙasa har ka ce ya ƙare, sai kuma ya taso gaba ɗaya har kofunan shayi su yi rawa a kan tire. Kullum bayan la'asar Abuya kan rufe taga saboda maƙwabta, ya wana garmahon, ya rage murya, ya lumshe ido. Ummi takan ce, “To wai shi wannan wa yake yi wa kiɗan? Ba kirari, ba sunan kowa.” Shi kuma ya ce mata ai teku ce ta yi fushi, mutumin ya kama ta ya zuba a faifai. Sitti, wadda aka zo da ita daga ƙasar Hausa tana yarinya, ba ta son kiɗan ko kaɗan, amma tana da ƙa'idarta. Ta sha gaya wa Abuya cewa a inda ta fito, in makaɗi ya motsa maka rai ba ka tashi ka bar shi haka nan, ko hularka ce ka cire ka ba shi. Abuya ya riƙe maganar nan da gaske, yana ta shirin wata rana zai sami matafiyin da zai kai wa makaɗin ɗan abin alheri, don shi a zatonsa mutumin na nan da ransa a wani gari.

Rediyo ce ta warware masa. Wata yamma muka ji an sako kiɗan faifanmu sak, Abuya ya miƙe har ya kusa kifar da shayi. Mai magana ya ce a wannan watan ne mai kiɗan ke cika shekara ɗari biyu da haihuwa, ana ta bikinsa a ƙasashe, ya kuma ce tun kafin ya tsufa ya kurumce, amma bai fasa tsara kiɗa ba. Sitti ta ce, “Kurma ne? Shi ya sa yake buga shi da ƙarfi haka.” Muka fashe da dariya, ban da Abuya. Shi dai cewa ya yi ashe ya makara, amma makara ba ta hana kyauta. Tunda mutumin ba ya ji, ba za a yi masa kirari ba, abin gani za a ba shi. Zai ɗauko masa hoton tekun nan da ya zuba a faifai, ranar da ta yi fushi. Matsalar ita ce tekun Jidda ba ta cika fushi ba, kullum a kwance take kamar ruwan randa.

Shi ya sa da safiyar nan yake dariya a saman soro. Ummi ta bi shi har ƙofa tana faɗa, “Ya shekh, akwatin nan shi ne tukunyarmu! Alhazai na hanya, in ruwan gishiri ya shige shi me za mu ci?” Ya ce mata in sha Allah ko ɗigo ba zai taɓa shi ba. Ni dai murna ta cika ni har ina tuntuɓe, sai da na ga ya kwashe duk takardun da suka rage, har da baƙar ambulan ɗina, ya zuba a aljihun akwatin. Gabana ya faɗi, amma na bi bayansa da sauri, don kada a ce in zauna a gida.

Maƙwabcinmu Ammu Sale, mai ɗaukar kifi a motarsa ta a-kori-kura, shi ya kai mu. Muka bar gidajen gari a baya, muka yi arewa inda babu komai sai yashi da duwatsun bakin ruwa. Tun kafin mu iso nake jin rugugi ta cikin ƙirjina. Da muka sauka kuwa, gani ya kori ji. Tekun da na sani shuɗiya mai ladabi ta koma ruwan toka, tana tasowa tudu-tudu, ta zo ta daki dutse ta watse sama fari fat, iska ta kwaso feshin ta watsa mana a fuska. Na lashi leɓena na ji gishiri. Duk igiyar da ta fashe sai in yi tsalle in kurma ihu, ba wanda ya ce in yi shiru, don ko an faɗa ba mai ji.

Abuya ya kafa akwatin nesa da ruwa, ya danne ƙafafunsa da duwatsu, Ammu Sale ya riƙe masa baƙin ƙyallen da iska ke neman gudu da shi. Ya jira wata babbar igiya ta taso, ya kai hannu kan murfin, sai kawai muka ji ya daka mata tsawa, “Kada ki motsa!” Ammu Sale ya yi dariya har ya durƙusa. Abuya kansa sai da ya dara, amma da ya zaro takardar daga akwatin dariyar ta ɗauke, don babu komai a kanta sai dabbare-dabbare. Ya sake, ya gaggauta mayar da murfin, wannan karon ba abin da ya kama. Ya sake, ya sake. Ni kuwa ina tsalle ina ihu, amma idona na kan aljihun akwatin, ina ganin takardu na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Can sai na ga ya zaro baƙar ambulan. Na daina tsalle. Na matsa kusa da shi na ce, “Abuya, wannan nawa ne. Na zauna fa. Sitti ma ta gani.”

Ya dube ni, ya dubi ambulan, sannan ya sunkuya kan bokitin da ya jefa lalatattun hotunan. Ya ɗauko ɗaya yana ɗiga, ya ƙura masa ido ya daɗe, har na ji yana bin kiɗan faifan nan da hanci, wurin da yake tasowa gaba ɗaya. Sai ya nuna mini wani faffaɗan dutse da ruwa ba ya kaiwa, ya ce in hau. Na hau da sauri, na haɗe ƙafafu, na manne hannuwa a jiki, na ɗauke numfashi kamar yadda na koya a gaban carbin Sitti. Ya fito da kansa daga ƙyallen ya yi mini ihu ta cikin iska, “La, la, ya binti, ba haka ba! Yi abin da kike yi ɗazu!” Na zaci ban ji daidai ba. Ya ce, “Yalla, yi tsallenki!” A daidai lokacin wata igiya da ta fi duk na baya ta daki duwatsun da ke bayana, na ji ƙasa ta girgiza, na watsa hannuwa sama na yi tsalle da iyakar ƙarfina, shi kuma ya cire murfin bai ce wa kowa kada ya motsa ba.

Mun dawo gida jiƙe sharkaf, amma akwatin a bushe, don da rigarsa ya naɗe shi. Ummi ta fara duba akwatin kafin ta dube mu. A tsakar gida ya juya hoton a kan takarda ta biyu, muka kewaye bokitin muna leƙe. Wani farin abu ne ya tashi ya cika sama, ba a gane inda ruwa ya ƙare da inda gajimare ya fara, a gabansa kuma ga wata 'yar inuwa mai hannuwa barkatai, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Ummi ta juya shi sama da ƙasa ta ce, “To ina 'yar tawa?” Sitti ta karɓa ta kai shi kusa da ido ta ce, “Ga ta nan kuwa, wa zai ɓata Marwaha?” Abuya ya buga ƙusa a bango daidai saman garmahon, ya rataye shi a jerin hotunan 'yan'uwana. Ya aika aka sayo halawa, aka dafa shayi da na'ana'a, ya ce wannan walimar mutuminsa ce. Ran nan bai rufe taga ba, bai kuma rage murya ba. Na yi ta juyi a tsakar ɗaki har jiri ya kwashe ni, ba wanda ya ce in zauna.

Yanzu ina zaune a hawa na uku a unguwar Safa, gwiwoyina ma ba sa barina in yi saurin tashi. Wurin da muka tsaya ran nan an shimfiɗa masa titi da fitilu, na kai jikokina na kasa gane dutsen. Wayoyinsu kan tsayar da ɗigon ruwa a sama cak, su ɗauki ɗari su goge ɗari ba wanda gabansa ya faɗi. Abuya da Ummi da Sitti duk sun riga mu gidan gaskiya, faifan ya fashe tun a wata ƙaura, akwatin ma ban san inda ya shiga ba. Hoton dai yana nan a bangon ɗakina, ya yi jaja-jaja, in baƙi suka tambaya ko mene ne sai in ce kyautar wani makaɗi ce da ba a sami mai kai masa ba. An ɗauke ni hotuna da yawa bayan wannan, na makaranta da na aure da na takardu, ko'ina ina zaune tsaf kamar mutuniyar kirki. Amma har yau ba a yi wanda ya yi kama da ni irin wannan ba.